Jinjirin Wata a Muƙamuƙin 'Yar'azumi

Haɗeja, Litinin, 4 ga Satumba

Zuwa ga Gwaggona Falmata, a Guri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba Ari da gwiwar nan taki da ba ta shiri da damina. Yaya ruwa? An ce ya shanye hanya, sai an hau kwalekwale kafin a kai ga mota. Allah Ya tsare muku shinkafarku.

Na kira ki sau uku, waya ba ta shiga. Ko da ta shiga ma, abin da ke tafe da ni sai an gani da ido, shi ya sa na ba Malam Modu mai kifi wannan ambulan. Za ki tarar da hotunan haƙora guda bakwai a ciki.

Kin san maigidana, Malam Nu'uman, shi ke ɗaukar hoto a wani ƙaramin asibitin haƙori a nan. Wata biyu da suka wuce mai asibitin, Dokta Abdulmannan, ya sayo tsohon inji, irin babban nan da ke zagaya kan mutum ya ɗauko haƙoran baki kaf a fim guda. Ranar da aka kawo shi Malam bai iya cin tuwo ba don murna. Shi ƙananan hotuna ya koya, na haƙori ɗaya ko biyu, waɗanda ake sa fim ɗinsu a cikin baki. Wannan ne karonsa na farko da babba.

To, Gwaggo, murna ta koma ciki. Wasu hotunan suna fitowa baƙi ƙirin. Wasu haƙoran bibbiyu, kamar mai jiri ne ke kallonsu. Wasu kuma da wani farin abu kwance a kan muƙamuƙi, ya rufe saiwar haƙoran. An kira mai gyara daga Kano, ya kwance ya ɗaura, ya ce inji lafiyarsa ƙalau. Sai Dokta ya ce idan inji lafiya, saura hannu. Bai yi faɗa ba, mutumin kirki ne. Ya dai ce ba zai cire wa mutum haƙori a kan hoton da ba ya iya karantawa ba, kuma idan wata ya ƙare abin bai gyaru ba, zai nemo wani.

Idan aka nemo wani, sai mu tattara mu koma gidansu Malam a Kafin Hausa. Ɗakunan nan biyu ni na shafa musu fenti da hannuna, zogalen da na dasa a tsakar gida ya kai ƙuguna. Malam ya daina ba ni labari idan ya dawo. Yakan zauna ya ɗaga fim a saitin taga har shayinsa ya huce.

Ke kin yi shekara ashirin da takwas a ɗakin hoton asibiti kafin ki ajiye aiki. Ki duba mana. Bai san na ɗebo ba. Waɗanda suka ɓaci ne ya kawo gida yana nazari.

Ki lura da wanda aka rubuta wa 'Yar'azumi. Farin abin da ke cikinsa kamar jinjirin wata ne, da ɗigo uku a ƙarƙashi. Na daɗe ina kallonsa. A irin littattafan da nake karantawa, da sai a ce alama ce, wataƙila 'yar wani babban gida ce da ta ɓata tun tana jaririya.

Ki gaishe da Baba Ari. Ki huta lafiya.

'Yarki,
Ummussalma

Guri, Juma'a, 8 ga Satumba

Ummu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ruwa yana bakin gonar Babanki, kullum yakan je ya harare shi ya dawo. Gwiwa tana nan yadda kika san ta.

Na ga hotuna. Ba ciwo ɗaya ba ne, uku ne, kuma ba a yi musu magani ɗaya.

Baƙaƙen nan, ruwan wankin fim ne ya yi zafi. Ruwan nan sanyi yake so, ku kuwa kuna Haɗeja a ƙarƙashin kwano. Ki ce wa mijinki ya sayi randa, ya cika ta da ruwa, ya tsoma kwalaben ruwan wankin a ciki. Ya yi wanki da safe. Ya riƙa duba agogo, kada ya auna lokaci da ido. Mu da randa muka yi aiki shekara goma, babu wanda ya mutu.

Masu haƙora bibbiyu, motsi ne. Mutum ya baro ƙauyensu da ciwo, an tsayar da shi, wani ƙarfe ya taso yana zagaya kansa, me zai hana shi waiwaye? Kafin ya kunna, ya gaya musu abin da zai faru: zai zagaya, ba zai taɓa ka ba, kada ka bi shi da ido. Su haɗiye yawu, su manna harshe a ganɗa, su tsaya cik.

Farin abin kuma inuwar ƙarfe ce. Ki tambaye shi ko yana sa mutane su cire ɗan kunne da sarƙa da fil. Idan ya ce yana yi, ya buɗe akwatin da ake sa fim ya duba ko wani abu ya maƙale.

Sannan ki gaya masa kin ɗebo hotunan mutane kin aiko. Ba kayan ado ba ne, amanar marasa lafiya ce. Na mayar miki da su duka bakwai.

'Yar'azumi ba 'yar kowa ba ce sai ubanta. Ki rage karatun nan, ki ƙara barkono a miya.

Gwaggonki,
Falmata

Haɗeja, Laraba, 13 ga Satumba

Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba Ari da ruwan da yake harara.

Na gaya wa Malam. Ya ce in miƙo wasiƙar. Ya karanta sau biyu a tsaye. Washegari ya fita da randa a bayan babur, 'yan unguwa suna tambaya ko asibitin ya koma sayar da kunun zaƙi.

Gwaggo, ya yi! Tun ranar Litinin babu baƙin hoto ko ɗaya. Masu motsi ma sun daina. Ya ce wani tsoho daga Baturiya ya tsaya cik har bayan an kashe inji, sai da aka ce masa ya numfasa. Jiya Malam ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Amma farin abin yana nan. Ya buɗe akwatin fim, ya goge, babu komai. Batun ɗan kunne kuma ya ce ba ya taɓa mantawa, kowa ya shigo sai ya faɗa masa, har takarda ya manna a ƙofa. Dokta ya yaba da randa, amma ya ce wata bai canja tsawonsa ba.

Ga abin da na gano. Da Malam ya fita, na shimfiɗa tabarma na jera duk hotunan da ke da farin abu, goma sha ɗaya. Na karanta sunayen da ke jiki. Zainaba, Mardiyya, Huseina, Zaituna, haka har ƙarshe. Babu namiji ko ɗaya. Goma suna da inuwa biyu, hagu da dama. 'Yar'azumi ce kaɗai mai ɗaya, a hagu.

Na yi ta tunani. Da farko na ce ko wata aljana ce a cikin injin, tunda tsoho ne kuma ba a san inda ya zauna ba, ba ta son ganin mata. Daga baya na ce a'a, Malam ne. Kin san kunyarsa. Ranar da ya fara zuwa zance, da takalmina ya yi hira har aka kira la'asar. Wataƙila hannunsa ke rawa idan mace ta tsaya a gabansa.

Na yanke shawara. Zan ce ya ɗauke ni. Ni ai ba ya jin kunyata yanzu. Idan nawa ya fito fes, mun gane inda matsalar take.

'Yar'azumi kuwa har yanzu ba a cire mata haƙorin ba. Malam ya ce kumatunta ya kumbura, magani kawai ake ba ta.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Ummussalma

Guri, Asabar, 16 ga Satumba

Ummu,

Salamu alaikum. Na tsayar da Modu a bakin kwalekwale don in rubuta wannan, saboda haka ba tsawo.

Kada ki kuskura ki tsaya a gaban injin nan. Ba madubi ba ne. Ba a haska lafiyayyen mutum don gwaji. Kuma ki gaya mini gaskiya, yaushe rabonki da ganin watanki? Ranar sunan gidan ɗan'uwanki Abba na ga yadda kika kauce wa ƙamshin suya.

Aljana ba ta da aiki a ɗakin hoto, kuma rawar hannu ba ta zana wata. Amma jera hotunan da kika yi, wannan aikin hankali ne. Ni ban yi tunaninsa ba.

Ya ce yana faɗa musu. To, yana dubawa? Ina yake kallo lokacin da yake faɗa? Ki daina tambayar mijinki, ki je ki tambayi matar.

Falmata

Haɗeja, Talata, 19 ga Satumba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna yau, raina a jagule yake.

Na je. 'Yar'azumi bandar kifi take sayarwa a bakin kasuwa, ba wanda bai san ta ba. Dattijuwa ce doguwa, kumatunta na hagu ya yi tulu. Na sayi tarwaɗa biyu, na ce ni matar mai hoto ce. Ta ce, "Af, ke ce matar Malam Kalli-Bango?" Ashe haka matan ke kiransa.

Ta ja ni cikin rumfa, inda babu maza, ta yaye hijabi tana fifita. Gwaggo, sai ga shi a kunnenta. Jinjirin wata na azurfa, da 'yan ƙwayoyi uku suna lilo a ƙasa. Na kusa sakin kifin.

Na ce, "Iya, bai ce ki cire ba?"

Ta ce, "Ya ce mana."

"Kika ce me?"

"Na ce to."

"Amma ba ki cire ba."

Ta ce, "'Yar nan, to ɗin ta ladabi ce. Ni in tuɓe kaina a gaban ɗan mutane, wanda na haifi sa'ansa? Shi yana kallon bango, ni ina cikin hijabina, kowa ya rufa wa kowa asiri. Duk matan da kika gani haka suka yi."

Ta ce 'yan kunnen biyu ne, na mahaifiyarta. Shekara tara da suka wuce ta cire su a bakin kogi za ta wanke kai, ɗaya ya sulale cikin ciyawar kacala, har yau. Tun ranar ta yi alkawari wannan ba zai bar kunnenta ba sai mai wankan gawa ta cire.

Na dawo gida kamar in tashi sama. Na tare Malam tun bai kafe babur ba. Ya saurare ni, ya ɗauko hoton, ya ce, "A wane kunne yake?" Na ce dama. Ya nuna mini alamar da ke jikin fim. Ya ce, "Inuwar a hagu take, Ummu. Kuma a muƙamuƙin sama, ba saitin kunne ba. Kuma ta ninka ɗan kunne sau uku a girma. In ɗan kunne ne, me ya hana shi kansa ya fito a hoton?" Sannan ya ce aikin asibiti ba labarin littafi ba ne da komai ke haɗuwa a shafin ƙarshe.

Wannan maganar ta yi mini zafi. Na shiga ɗaki, na tura littattafaina ƙarƙashin gado. Ya zo bakin ƙofa ya tsaya, ya koma. Na san tsoro ne ke cinsa, ba ni ba. Saura kwana goma sha ɗaya, kuma an ce Dokta ya fara waya da wani a Kano.

Amma Gwaggo, na gani da idona. Wata ne, da ɗigo uku. Ta yaya abin da ke dama zai koma hagu?

'Yarki,
Ummussalma

Guri, Alhamis, 21 ga Satumba

Zuwa ga Malam Nu'uman.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki. Ba al'ada ba ce suruka ta rubuta wa surukinta, amma gwiwa ta hana ni zuwa, kuma kunya ta riga ta ci mana wata biyu. Ta isa haka.

Tambayoyinka na mai ilimi ne. Ga amsarsu.

Ka kunna tocila, ka tsaya a gefen daman matarka ɗan baya kaɗan, ka haska kanta daga ƙasa-ƙasa. Ina inuwar kunnenta na dama za ta faɗa? A bangon hagu, sama da inda kunnen yake, ta fi shi girma, bakinta a dushe. Injinka haka yake yi. Yana zagayawa, haskensa yana ɗan kallon sama. Lokacin da yake ɗaukar muƙamuƙin hagu, ta dama hasken ke shigowa, sai ya kwaso abin da ya tarar a hanya ya watsa a ɗaya gefen. Masu 'yan kunne biyu, inuwa biyu. Mai ɗaya, ɗaya, a gefen da babu.

Shi kansa ɗan kunnen bai fito ba don fim ɗin da kuke saya gajere ne. Na auna shi da tafin hannuna. Kunnuwa suna faɗawa waje, inuwarsu ce kawai ke shigowa. A ƙananan hotunan da ka saba ba ka taɓa haɗuwa da wannan ba, don haka ba laifin karatunka ba ne.

Laifinka ɗaya: ka faɗa, ba ka tabbatar ba. Ban ce ka ɗaga ido ka kalli matan mutane ba. Tarbiyyarka ce ta sa muka ba ka 'yarmu. Amma abin da namiji ba zai duba ba, mace za ta duba. Ka rataya labule a waje da ɗakin, ka sa mace a bayansa. A cire ƙarfe, a mayar da hijabi babu fil, a shigo maka.

Kuma ka ciro mata littattafanta daga ƙarƙashin gado. Mai gyara ya zo daga Kano bai ga abin da ta gani ba.

Wassalam.
Falmata Ari

Haɗeja, Lahadi, 24 ga Satumba

Zuwa ga Hajiya Gwaggo, tare da girmamawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, ina fatan Allah Ya ƙara sauƙin ƙafa.

Na sami saƙonki. Na yi gwajin tocila kamar yadda kika ce. Inuwar ta faɗa inda kika ce. Na kai wa Dokta bayanin, ya dafe kai ya ce shi ma ya karanta wannan a makaranta, amma da na ce masa ana cirewa sai ya cire shi daga lissafi. Ya amince a sake ɗaukar Iya 'Yar'azumi ranar Laraba, sau ɗaya tak, don ba ya son a yawaita haska ta. Ya ce a kan wannan hoton zai yanke hukunci.

Matsalar ita ce ta ƙi. Na aika mata sau biyu. Ta ce haƙori ya ruɓe idan ya ga dama. Ma'aikaciyar jinyarmu ta je, ta dawo da kifi ba tare da amsa ba. Ummussalma ta ce a bar mata. Ban san me za ta yi ba, amma na daina cewa ba zai yiwu ba.

Littattafan suna kan tebur. Na ba ta haƙuri.

Na gode. Allah Ya saka da alheri.

Ɗanki,
Nu'uman Tasi'u

Haɗeja, Laraba, 27 ga Satumba

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan a kan bencin asibiti, fim yana cikin ruwa, Malam yana tsaye da agogo a hannu. Idan ban yi rubutu ba zan cinye farcena.

Kwana biyu na yi ina zuwa rumfarta ina taya ta juya kifi. Ban ce mata ta cire ba. Na dai tambaye ta labarin mahaifiyarta, ta ba ni, har muka yi kuka tare, ko da yake ta ce nata hayaƙi ne. Jiya na ce, "Iya, alkawarin da kika yi, cewa kika yi ba zai bar kunnenki ba, ko ba zai bar jikinki ba?" Ta harare ni. Ta ce, "Ke lauya ce ko matar mai hoto?" Na ce abin da take tsoro shi ne ya ɓata, kuma wancan ya ɓata ne don ta ajiye shi a ƙasa. Wannan ba za a ajiye ba. Ita za ta cire da hannunta, ta ƙulle a haɓar zanenta, ƙulli uku, ta riƙe.

Ta ce, "Mijin naki fa?"

Na ce, "Ba zai ga ko gashinki ɗaya ba. Bangonsa yana nan inda ya bar shi."

Yau da safe ta zo. Zanen gadona na aure, mai furanni, na rataya a lungu a matsayin labule. Maƙullin ɗan kunnen ya cije saboda shekaru, sai da na shafa man kaɗanya. Da ya fita ta taɓa kunnen ta ce, "Iska na shiga." Ta ƙulle, ta ƙara ƙulli na huɗu, ta mayar da hijabi. A bakin ƙofa ta ce wa Malam, "Yau da gaske na cire, ɗana. Wancan karon ma ka yi haƙuri."

Na fito waje tun kafin a kunna, har tsallaken titi.

Ga Malam nan ya buɗe ƙofa. Modu zai tashi yanzu, zan ba shi wannan haka.

Ummussalma

Haɗeja, Asabar, 30 ga Satumba

Gwaggo,

Salamu alaikum. Hoton ya fito fes. A daidai inda watan yake kwance, ashe guntun saiwa ne ya karye ya yi ruwa. Dokta ya cire shi ranar Alhamis. Kumatunta ya fara saɓewa, ɗan kunnenta ya koma mazauninsa.

Yau wata ya ƙare. Dokta bai ƙara zancen nemo wani ba. Kafinta dai ya kira ya kafa sandar labule ta gaske, ya ce in zo in ɗauki zanen gadona, ya kuma tambayi Malam ko randa ɗaya za ta ishe su idan bazara ta zo.

Kifin da ke cikin kwalin nan daga 'Yar'azumi ne. Ta ce a kai wa matar da ta san hagu da dama.

Tambayar nan da kika yi mini kan ganin watana, wadda na yi kamar ban gani ba: wata biyu ke nan. Ban shiga ɗakin hoton ba ko sau ɗaya.

Ki gaishe da Baba Ari.

'Yarki,
Ummussalma